Bil Ɗin Bakano

Bakano na zaune a ƙofar shagonsa na ɗinki yana fifita da takardar kuɗin wuta, sai ga Bazazzagi da jarida a hammata.

Bazazzagi: Alhaji, yau kuma da takarda ake fifita?

Bakano: Ai amfaninta ke nan. Fankar nan rabonta da juyawa tun gizo-gizo bai yi aure a kanta ba, yanzu har da jikoki. Amma duba abin da suka rubuto mini.

Bazazzagi: Kai! Kana da mita kuwa?

Bakano: Mitata tana cikin idon yaron da ke kawo bil. Ya kalli hulata, ya kalli tumbina, ya rubuta.

Bazazzagi: To doka ta hana wannan. Tun 2020 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta yanka iyakar abin da za a ƙiyasta wa marar mita. A watan Fabrairun 2024 ma ta ce za ta zabtare wa kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun tsallake iyakar, kuma su mayar wa mutane rararsu.

Bakano: Biliyan 10.5? Ina nawa kason?

Bazazzagi: Ba a hannu ake bayarwa ba, a bil ake ragewa. Tukuna ma, wane rukuni kake?

Bakano: Rukunin masu haƙuri.

Bazazzagi: Na wuta nake nufi! Rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, a haka har zuwa E mai awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan A kuɗin yunit zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta.

Bakano: To a buɗe mana rukunin Z. Mu sai ƙarfe biyun dare take leƙowa, kafin in lalubo silifas ta koma.

Bazazzagi: In layi yana A aka yi kwana 7 a jere ba a cika masa awanninsa ba, ƙa'ida a sauke shi ƙasa, kuɗin ma ya sauka. Kuma karo-karon da kuke yi na sayen taransifoma ba wajibinku ba ne, aikin kamfani ne.

Bakano: Wayyo dubu biyar ɗina! Mai unguwa har da fatiha. Yanzu wa zan kai wa kuka?

Bazazzagi: Ka rubuta ƙorafi ka kai ofishin kamfani, a buga maka hatimi a kwafinka. Baki ba ya zama shaida. In suka yi biris, ka wuce ofishin sauraren ƙorafi na hukumar.

Bakano: Yawwa! Ashe Zage-zagi na da rana. Ɗauko biro, ka sa musu Turanci mai zafi.

Bazazzagi: Sai su turo ma'aikaci ya duba layinka tun daga turke, ya ƙirga abin da ke jone.

Bakano: Ya ƙirga me?

Bazazzagi: Komai. Af, wannan jar wayar da ta bi ta bayan allon shagonka, ina ta nufa?

Bakano: Zumunci ne. Mai aski ne, ɗan ƙanwata.

Bazazzagi: Baƙar fa?

Bakano: Mai cajin waya. Da mai ƙanƙara. Da injin markaɗen Hajiya.

Bazazzagi: Kyauta?

Bakano: Haba Malam, a Kano? Ajiye biron nan. Ni da na sake duba bil ɗin, yaron nan ya yi adalci.