Ranar da agogon turbo ya jiƙa min shadda

Waɗanda kuke gindin darbejiya ranar Lahadi ku yi haƙuri, zan faɗi labarin da bakina, don wanda ke yawo a WhatsApp an zuba masa gishiri har ya yi yawa.

Kun san Subaru ɗina, Impreza WRX 'yar 2002, wadda ta sauka Duwala daga Beljiyam, mai hancin nan a kan kapo da yaran unguwa ke cusa wa leda. Injinta lita 2 ne da turbo. Abin da ta rasa shi ne agogon da ke nuna ƙarfin iskar da turbo ke dannawa cikin inji. Na sa aka kawo min shi jaka 15, da siririn tiyo da 'yar mahaɗa mai baki uku. Makanikinmu ya ce jaka 5 zai ɗaura. Na ce a kan yankan tiyo ɗaya? Na riga na gani a YouTube: ka nemo tiyon da ya fito daga manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, bayan totur, ka datse, ka sa mahaɗa, ka zura sabon tiyon ta ramin roba zuwa cikin mota. Daren Asabar, an ɗauke wuta, ƙanina na haska min da wayar da yake hira da budurwarsa a ciki, na lalubo wani baƙin tiyo siriri na datse. Na ɗaure agogon a saman sitiyari na je na kwanta.

Lahadi na sha farar shadda na iso majalisa, kafin in kunna mota sai da na yi musu karatu. Na ce in inji na sulo, allura za ta sauka ƙasa da sifiri, wajen 0.6, saboda a lokacin zuƙar iska yake yi. In na taka juyin inji ya wuce 3000 a minti, turbo ta farka, allura za ta haura kusan bar 1, wato ma'aunin ƙarfin iska. Har na zana musu a ƙasa da tsinke.

Na murɗa makulli. Allura na kwance a kan sifiri. Na taka totur har tantabarun maƙwabci suka tashi, ko gezau. Na ce sai ta yi zafi. A Garwa, cikin Afrilu, ƙarfe 2 na rana, na buɗe baki na ce wani abu bai yi zafi ba.

Kawu ya ce mu hau titi a gani. Ya zauna gaba, taubashin nan nawa mai Corolla ya faɗa baya da waya a hannu, muka kama hanyar Pitowa. Giya ta biyu, ta uku, turbo na fito, mota na fizgar mu, allura tana nan kamar an zana ta da biro. Kawu da ya tsufa a kan tirelar auduga bai ce uffan ba, goronsa kawai yake ci.

Ranar kasuwar Pitowa ce, wata babbar mota ta bule mu da ƙura. Na ja sandar wanke gilashi. Sai allura ta yi tsalle!

"Ga ta nan! Kawu ku duba, ta tashi!"

Na saki, ta faɗi. Na ce ta fara warwarewa ne. Ƙura ta sake rufe mu, na sake ja, ta sake tashi, na sake ihu, har na juya ina ce wa taubashi ya ɗauka da kyau. Ya ce ai tun ɗazu yake ɗauka.

Kawu ya gyara hula. "Ɗan nan, ɗage ƙafarka daga totur. Yawwa. To sake jan abin nan."

Na ja. Allura ta miƙe tsaye, ƙafata a gefe. Sai a lokacin na lura ruwan da ke fita kan gilashi bai kai na kullum ba. Kumfa ta fara taruwa cikin fuskar agogon, daga bayansa kuma ruwan sabulu ya shiga ɗiga, ɗis, ɗis, daidai kan cinyata. Tiyon wanke gilashi na datse. Kawu ya ce, "Masha Allah, a zamaninmu da kunne muke jin turbo, ku kuma har wanka take muku."

Da muka dawo na so in zauna a mota har in bushe, Kawu ya ce in fito in buɗe masa ƙofa, wai hannun ya ƙi. Ƙofar da ya buɗe da kansa ɗazu! Na fito, mutum kusan 12 suka kalli wuri ɗaya. Mai shayi ya ajiye buta ya ce, "Alhaji, gudun ne ya tsorata ka haka?"

Shi wannan mai shayin nake son magana a kansa. Bencin da ya faɗi a kai yana dariya ni na saya masa, lokacin da ruwan sama ya lalata nasa. Kofi biyu na madara da ya rubuta min a littafinsa tun azumi ban sha ba, kowa ya san ranar ina Marwa. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba, yanzu in na zo sai ya tambaye ni shayi bar nawa zai zuba min. Yaronsa ma ya koya. Jiya ya kawo min burodi ya haɗo da tsumma.

Makaniki ya karɓi jaka 7, biyu wai na ɗinke tiyon da na yanka ne. Ya mayar da mahaɗar kan tiyon manifol, allura na sauka tana hawa yadda na zana a ƙasa, sai dai raɓa ta rufe rabin lambobin. Ya ce in bar ta a rana. Taubashi ya ce ya goge bidiyon, amma matar yayana ta gaishe ni da "ina gajiyar wanka".