Tallafin gwamnati ga masana'antu: wa zai ce ya isa haka?

Duk lokacin da aka tayar da muhawarar ko gwamnati ce za ta ja ragamar tattalin arziki ko a sakar wa kasuwa mara, ɓangarorin biyu kan yi rige-rigen kafa hujja da ƙasa ɗaya, Koriya ta Kudu. Masu ra'ayin kasuwa su ce da sayar da kaya a ƙetare ta yi arziki. Masu ra'ayin gwamnati su ce ai shugaban ƙasar, Park Chung-hee, ƙwace bankuna ya yi bayan juyin mulkin 1961, ya riƙa zaɓen wanda za a ba rance. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne yadda aka ɗaure biyun da igiya ɗaya.

Ga yadda tsarin yake. Bankin gwamnati ya ba kamfani rance a kan kuɗin ruwa ƙasa da na kasuwa. A bar shi ya shigo da injuna da kayan sarrafawa ba tare da kuɗin fito ba, a kuma tare masa kasuwar gida daga kayan waje. Sharaɗin shi ne a yanka masa adadin kayan da zai fitar waje kowace shekara. Shugaban ƙasa da kansa ke jagorantar taron wata-wata inda ake bin alƙaluman. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya gaza a rufe masa famfo, wani lokaci ma a miƙa masana'antarsa ga abokin gasarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A 1964 kayan da ƙasar ta fitar sun kai dala miliyan 100, a 1977 suka kai biliyan 10.

Me ya sa aka zaɓi fitar da kaya a matsayin ma'auni? Saboda jami'in ma'aikata ba shi da hanyar gane kamfanin da ya ƙware da wanda ya iya baki kawai. Littafin asusu ana yi masa kwalliya, riba a kasuwar da aka killace kuma ba ta nuna komai. Amma mai saye a Jamus ko Amurka ba ruwansa da wanda ka sani a fada, in kayanka ba su yi ba ya wuce gaba. Takardar kwastan da dalar da ta shigo banki su ne shaidar da ke da wuyar ƙirƙira.

A kwatanta da Malesiya. Firaminista Mahathir ya kafa kamfanin motoci na Proton a 1983, kuma motar kamfanin ta farko, kamar Pony ta kamfanin Hyundai na Koriya, da fasahar Mitsubishi aka yi ta. Tushe ɗaya ke nan. Sai dai Hyundai na gogayya da Kia da Daewoo a gida, an kuma tura shi waje har ya shiga kasuwar Amurka a 1986. Proton kuwa ya zama ɗan lele, ana tare masa hanya da haraji mai tsanani shekara da shekaru, talaka na biyan tsadar. A 2017 aka sayar wa kamfanin motoci na Geely na China kashi 49.9 na hannun jarinsa. Indiya ta yi irin wannan a faɗin tattalin arzikinta: sai da lasisi za ka buɗe masana'anta, sai da lasisi za ka ƙara yawan abin da kake ƙerawa, don haka ƙwarewa ta koma ta zarya a ofisoshi. A 1991 kuɗin ƙetare suka ƙare har ta jinginar da zinarinta, sannan ministan kuɗi na lokacin, Manmohan Singh, ya soke yawancin lasisin.

Kada masu ra'ayin kasuwa su yi saurin tafi. Rasha ta saki farashi lokaci guda a Janairun 1992, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 2,500 a shekarar, daga baya kamfanonin mai da ma'adinai suka faɗa hannun shafaffu da mai a farashin banza. Kasuwa ba ta tsayuwa inda kotu ba ta iya tilasta cika yarjejeniya. China ta bi a sannu: daga 1978 aka bar manomi ya biya kason gwamnati ya sayar da rarar yadda ya so, aka gwada sabon tsari a birnin Shenzhen daga 1980 kafin a yaɗa shi.

Inda tsarin gwamnati ya fi yin tuntuɓe shi ne wajen kuɗi, kuma Habasha ce misalin da ya fi fitowa fili. Ta yi kusan shekara 15 tana bunƙasa da kimanin kashi 10 a shekara. Daga 2011 aka wajabta wa bankuna masu zaman kansu sayen takardun bashi na babban banki da suka kai kashi 27 na duk sabon rancen da suka bayar, aka zuba kuɗi a madatsun ruwa, masana'antun sukari da layin dogo zuwa Jibuti. An gina abubuwa na gaske, wannan ba a musu. Matsalar ita ce an ciwo bashi da dala, ayyukan kuwa birr, kuɗin ƙasar, suke kawowa, kayan da ake fitarwa suka tsaya cik a wajen dala biliyan 3 tsawon shekaru. An riƙe darajar birr sama da ƙarfinta, abin da ya ƙara karya gwiwar mai fitar da kaya. A Disambar 2023 ƙasar ta kasa biyan kuɗin ruwa dala miliyan 33, a Yulin 2024 ta bar kasuwa ta yanke darajar birr don samun rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF).

Koriya ma ba ta tsira ba. Da kamfanonin suka girma har gwamnati ta fara jin tsoronsu, sharaɗin ya yi laushi, aka kuma buɗe musu ƙofar cin bashin waje na gajeren zango. A 1997 bashin manyan rukunonin kamfanoni 30 ya ninka jarinsu sau biyar, ƙasar ta nemi ceton kusan dala biliyan 58. A ganina gwajin tsarin na gaskiya ya zo ne a 1999, lokacin da Daewoo, rukuni na biyu mafi girma a ƙasar, ya zo neman agaji. Aka bar shi ya rushe, aka sayar da sassansa, wanda ya kafa shi, Kim Woo-choong, ya gudu waje. Da ya dawo a 2005, kotu ce ta tarbe shi.