Ranar da Jirgina Ya Shiga Gidan Liman Ba Sallama

Kuɗin firiza ne. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk abin da ya same ni daga baya, uwargida ta ce alhakin firizar ne ya kama ni. Wata goma ina zubin adashe. Ranar da ɗauka ta zo kaina na fita da kyakkyawar niyya, sai tsautsayi ya bi da ni ta shagon wani mai ɗaukar hoton biki. Na tarar yana goge wani ɗan jirgi marar matuƙi da bai wuce tafin hannuna ba, wai sayarwa zai yi ya sayi babba. Ya nuna mini yadda ya ɗauki ayarin motocin kai amarya daga sama, kai ka ce ƴar sarki ce. Da yamma uwargida ta leƙo ƙofa tana jiran a-kori-kura, sai ga ni da ɗan kwali a hammata.

"Malam, firizar ce ta motse haka?"

Na ce mata ai wannan jari ne. Ta ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Ni mutum ne mai tsoron hukuma. Ko fitilar kan titi ta lalace, sai na ɗan tsaya. Don haka kafin in taɓa rimot na zauna karatun doka. Tun a watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba a wuce ƙafa 400 a sama, wato kamar mita 120. Ba a barinsa ya ɓace wa idon mai tuƙi. Ba a bi da shi ta kan jama'a, ba a kusantar filin jirgi ko barikin soja. Nawa nauyinsa giram 249 ne cif, kuma ba banza ba: ƙasashe da yawa a giram 250 suka ja layin tsananta doka, sai masu ƙerawa suka tsaya a bakin layin kamar mai azumi yana jiran kiran salla. Duk da haka na cike abin cikewa, na karɓi rasit, na buga ƙa'idojin a takarda, na kai aka lulluɓe su da leda mai ƙyalli, na zuba a jaka. Takardun aurena ma ba su sami wannan gata ba.

Burina in ɗauki Dutsen Dala da asuba, da marinar Ƙofar Mata, da rumfunan Kasuwar Kurmi. Sai taswirar da ke cikin waya ta tuna mini abin da kowane Bakano ya sani: filin jirgin Malam Aminu Kano ya fara aiki tun 1936, gari kuma ya girma ya rungume shi. Duk inda raina yake so, sararin jiragen gaske ne. Na kira wani abokina a Maiduguri ina kuka da rashin fili, ya ce kada ma in yi mafarkin zuwa musu da shi, sojoji sun hana tashinsa a yankinsu tun farkon 2025.

Shi ke nan, sai ƙauyenmu, can bayan Rano. Babu filin jirgi, babu bariki, sama fayau ba mai ita. Haka na zata.

An gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na zaɓi filin makarantar firamare bayan la'asar, na ce zan yi abina shiru. Kafin in gama buɗe fukafukan, yara sun fi hamsin a kaina. Da farfelu huɗun nan suka ɗauki kuka kamar an taɓo amyar zuma, rabinsu suka watse, kajin unguwa kuma suka yi ta kansu, sun ɗauka shirwa ce. Jirgi ya tashi. Wallahi abin da na gani a waya ya biya kuɗin firiza: rumbuna a jere kamar an kifa ƙore, duwatsu sun yi ja da hasken yamma, shanu na dawowa kiwo cikin ƙura. Na shagala. Dokar da ta ce kada ka ɗauke ido daga jirgi ita na fara karyawa, don idona na kan waya.

Abin da ban sani ba, iskar da ke shafa maka fuska a ƙasa, a sama kokawa take yi. Tafiya ta yi daɗi saboda iska na tura shi, dawowa ce ta gagara. Kwali ya yi alkawarin minti 30, amma wannan lissafin ranar da ganye ba ya motsi ne. Waya ta fara kuka, batir ya yi ja. Irin waɗannan jirage kuwa idan batir ya kai gargara ba sa shawara da kowa, duk inda suke nan za su sauka. Ina danna rimot ina salati, shi kuma yana gangarowa cikin natsuwa, har ya nutse bayan wata doguwar katanga.

Wani yaro ya ce, "Kawu, gidan Liman ne."

Ban ji saukarsa ba, amma na ji abin da ya biyo baya. Ashe an yi haihuwa a gidan, an daka yajin jego an baza a tabarma yana shan iska. A kansa jirgina ya zaɓi sauka, farfela huɗu na busawa ƙasa. Atishawa ta kaure, tari, kukan jariri, a'uziyya, ƙarar kwanuka. Hoto na ƙarshe da ya iso wayata fuskar mahaifiyar Liman ce, ido jajur, muciya a sama.

Bayan magariba aka zauna a zauren mai unguwa. An kawo mai laifi a kife cikin kwando, an ɗora dutse a kai kada ya gudu. Na durƙusa na zaro jakata da ƙarfin gwiwa.

"Ranka ya daɗe, ina da takardu."

Mai unguwa ya juya su sama da ƙasa, ya yaba ƙyallin ledar, sannan ya miƙa wa wani ɗan sakandare ya fassara. Yaron nan, Allah ya shirye shi, bai tsallake layi ko ɗaya ba, har da wanda ya hana bi ta kan mutane. Da hannuna na kawo shaidar da za ta kashe ni, a lulluɓe don kada ruwa ya taɓa ta.

"To ɗana," in ji mai unguwa, "a garin nan ko magini zai hau soro, sai ya aika gidajen maƙwabta mata su kimtsa. Kai ka aiko ido sukutum ba sallama. A cikin takardun nan akwai wadda Liman ya sa wa hannu?"

Babu. Aka yanke cewa tunda hoton ya ɗauki cikin gida, ba mai kallonsa sai mai gidan, daga nan a goge. Na miƙa wa Liman waya, kowa ya kau da kai. Yana kallo yana istigfari, hancinsa na zuba. Can sai ya yi shiru.

"Mayar mini da shi baya kaɗan."

Na mayar.

"Tsaya nan."

Bayan katangarsa ne, inda ya jibge harawar da ya yi sati uku yana cigiyar ɓarawonta har a masallaci. Ga awaki biyar sun zura kai ta ɓarakar danga suna ta aiki, kowacce da jan ƙyalle a wuya. Duk garin mutum ɗaya ne ke ɗaura wa awakinsa jan ƙyalle.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce idan aka duba da kyau, abin nan tsautsayi ne, yaron nan ɗan gida ne, kuma ga takardunsa har da leda. In biya kuɗin yaji, in ba Inna haƙuri, a goge hoton yanzu yanzu don kare mutuncin iyali.

"A goge na cikin gida," in ji Liman, yana riƙe da wayata gam. "Wannan na bayan katanga a bar shi tukuna. Ɗana, ana iya ƙara girmansa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ana iyawa."

Na dawo Kano da farfela biyu a karye da jirgi mai ƙanshin citta da kanumfari. Uwargida ta buɗe kwalin, ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Malam, jarin ne ya fara kawo riba?"