Daniel Bard: Mariners ba su yi kuskure ba, Rockies ne suka yi

Tun da Daniel Bard, mai jifa a wasan besbol na Amurka, ya sake ajiye ƙwallo a watan Yulin 2025, 'yan makonni bayan Seattle Mariners sun ba shi kwantiragin ƙaramar gasa, nake ta cin karo da magana guda a bakin masu bin wasan besbol: ai dama mun faɗa. Suna tambaya, me ya kai ƙungiyar da ke neman kofi ɗaukar mutumin da ya cika shekara 40 a watan Yunin, wanda aka yi wa tiyata a jijiyar hannun da yake jifa da shi, wanda bai buga wasa ko ɗaya ba a kakar 2024, kuma wanda ya taɓa yin ritaya tun 2017? Wasu ma sun mai da abin doka. A wurinsu duk mai jifan ko-ta-kwana, wato wanda ke shigowa ya karɓi mai jifan da ya fara wasa, da ya furta da bakinsa cewa ya bar wasa, to kada wata ƙungiya ta sake waiwayarsa.

Wannan magana tana ɓata mini rai, domin masu yinta ba su tsaya sun duba abin da Mariners suka kashe ba.

Kwantiragin ƙaramar gasa ba ya sa ɗan wasa cikin jerin mutum 40 na ƙungiya, balle jerin 26 da ke fita fili a babbar gasar MLB. An tura Bard rukunin ƙasa ne ya je ya nuna abin da ya rage a hannunsa, an kuma zuba masa ido. Da ya yi kyau, da an kira shi sama. Da ya gaza, da an sallame shi cikin mutunci. Sai ya zamana shi da kansa ya auna jikinsa ya ce ya isa haka. Mariners kuwa suka ci gaba da harkarsu, Andrés Muñoz yana rufe musu wasa, wato yana jifa a zagayen ƙarshe don kare nasara, suka lashe rukunin yamma na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB, karo na farko tun 2001, suka kai Toronto Blue Jays har wasa na bakwai kafin a fitar da su a matakin dab da World Series, wasannin ƙarshe na cin kofin MLB. A nuna mini inda Bard ya rage musu wani abu a wannan tafiya. A gasar da mafi ƙarancin albashin ɗan wasa ya kai dala 760,000 a 2025, kuɗin gwada tsohon hannu na wata guda a ƙasa bai kai a ɗaga murya a kansa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a kan Bard ake wannan magana. Shi ne fa mutumin da tarihinsa ya riga ya rushe ta.

Wanda ya ga Bard a Boston Red Sox a 2010 da 2011 ya san abin da nake nufi. Ƙwallonsa tana kai gudun kilomita 160 a awa, kuma a 2010 matsakaicin makin da ake ci a kansa a zagaye tara bai wuce 1.93 ba cikin wasa 73. A 2012 ƙungiyar ta ce za ta mai da shi mai fara wasa, daga nan komai ya watse. A wani wasa a Toronto cikin watan Yunin shekarar, bai kammala zagaye biyu ba sai da ya ba masu duka shida tafiya kyauta, wato ya jefa wa kowanne ƙwallo huɗu ba a kan saiti ba har ya wuce tasha ta farko ba tare da ya buga ba, ya kuma jefi biyu a jiki. Ciwon nan ne da Amurkawa ke kira yips: hannu lafiya lau, ƙarfi yana nan, amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana saita ƙwallo a kan farantin da ke gaban mai duka, mai faɗin santimita 43, daga nisan mita 18 da ɗoriya ya wayi gari bai san inda za ta faɗa ba idan ta bar yatsunsa. A 2014, a wata ƙaramar ƙungiya ta Texas Rangers, ya fuskanci masu duka 18. Tara sun tafi kyauta, bakwai ya jefe su a jiki, biyu kawai ya fitar. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Mutum yana tsaye shi kaɗai a kan tudun jifa, yaran da bai kamata su iya taɓa ƙwallonsa ba suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna kakkauce mata don tsira da haƙarƙarinsu. Cubs sun gwada shi, Pirates da Cardinals da Mets duk sun gwada, babu wanda ya samo bakin zaren. A 2017 ya haƙura.

Arizona Diamondbacks suka ɗauke shi aikin ba matasan 'yan wasa shawara kan natsuwa da juriyar zuciya. A can ne, yana 'yar jefe-jefe da yaran kafin atisaye, suka fara ce masa ai ƙwallonka tana tafiya daidai. A farkon 2020 ya yi jifa a gaban masu farautar 'yan wasa, Colorado Rockies suka ba shi irin wannan kwantiragi na ƙaramar gasa da ake zagin Mariners a kansa yau. Ranar 25 ga Yulin 2020 ya hau tudu a MLB karo na farko tun Afrilun 2013, fiye da shekara bakwai, ya kuma samu nasarar wasan a kan Rangers. A ƙarshen kakar aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa farfaɗowa a National League, ɗaya ɓangaren na MLB. A 2022, yana da shekara 37, ya kare wa Rockies nasara sau 34, matsakaicin makinsa 1.79, kuma a Denver, gidan Rockies, yake buga rabin wasanninsa, garin da iskarsa mara kauri take sa ƙwallo tashi nesa har masu jifa ke gudun zuwa can.

Da Rockies sun bi dokar nan ta "wanda ya tafi ya tafi" a 2020, da duk wannan bai faru ba. Ina so masu dokar su amsa wannan kafin su ƙara cewa komai.

Akwai dalilin da ya sa aikin ko-ta-kwana ya fi kowane matsayi a fili karɓar wanda ya dawo daga ritaya. Mai fara wasa ana neman zagaye biyar ko shida daga gare shi duk bayan kwana biyar, wata shida a jere, kuma jikin da ya huta shekaru da wuya ya ɗauki wannan. Na ko-ta-kwana kuwa zagaye ɗaya ake nema, jifa 15 ko 20, da nau'in jifa biyu masu kyau. Sannan babu rukunin 'yan wasa da sakamakonsa ke hawa da sauka kamar nasu, saboda zagaye 60 ko 70 da suke yi a shekara sun yi kaɗan a gane gwani na gaske da su. Wanda ya haskaka bana yana iya zama abin tausayi baɗi. Bard ɗin kansa matsakaicin maki 5.21 ya yi a 2021, shekara guda kafin 1.79. Ƙungiyoyi sun san haka, shi ya sa suke tara hannuwa da yawa a rukunin ƙasa suna jiran wanda zai kama wuta. In dai tarin ake yi, mene ne hujjar cire wanda ya taɓa rufe wasa a gaban mutum dubu arba'in, don kawai ya taɓa cewa ya gaji?

Masu cewa yana tare wa yaro gurbi suna da 'yar gaskiya, tunda tun 2024 an taƙaita 'yan ƙananan gasa da kowace ƙungiya za ta riƙe a cikin gida zuwa 165, amma gurbi ɗaya cikin 165 na wata guda bai taɓa kashe makomar yaron da ke da hannu ba. Masu cewa talla ce kawai don a sayar da tikiti, su faɗa mini mutum nawa ke sayen tikitin Seattle don wani yana jifa a rukunin ƙasa.

Inda kuskuren yake na gaske, ba kowa ke son zuwa wurin ba, domin labarin yana da daɗin ji. A ƙarshen Yulin 2022, kwanaki kaɗan kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, Rockies suna can ƙasan teburi, kakar da suka ƙare da nasara 68 da rashin nasara 94. A hannunsu akwai mai rufe wasa ɗan shekara 37 da ke kan ganiyarsa, kwantiraginsa na dab da ƙarewa, ƙungiyoyi masu neman kofi kuma a irin wannan lokaci sukan ba da matasa masu daraja don samun irinsa. Maimakon su sayar a lokacin da kasuwa ta yi tsada, sai suka ƙara masa shekara biyu a kan dala miliyan 19. Wannan ba lissafi ba ne, ƙauna ce, kuma ƙaunar ta cuci ƙungiyar.

Na kalli wasan Amurka da Venezuela a gasar duniya ta besbol a Miami, cikin watan Maris na 2023, da tsakar dare a nan wajenmu. Bard ya shigo a zagaye na biyar, kuma tun jifan farko-farko ka ga ƙwallon ba ta jin maganarsa. Wata ta nutse a ƙasa, wata ta yi waje can nesa da mai kamawa. Sai guda ta tashi ta sami José Altuve, mai dukan Venezuela, a hannu, ya zube yana riƙe da shi, babban yatsansa ya karye. An cire Bard bai fitar da ko mutum ɗaya ba. Ban ji haushinsa ba a daren nan, tausayi na ji, domin duk wanda ya san tarihinsa ya gane abin da ya dawo. Ya fara kakar 2023 a jerin marasa lafiya, ya kuma fito fili ya ce damuwa ce ke damunsa, abin da 'yan wasa kaɗan ne ke da ƙarfin halin faɗa. Da ya dawo, tafiya kyauta da yake bayarwa ta kusan kai ɗaya a kowane zagaye. A 2024 tiyata ta cinye kakar gaba ɗaya. Rockies suka sha kashi sau 103 a 2023, sau 101 a 2024. Bard bai jawo wannan ba, amma matasan da za a iya samu da shi a 2022 su ne irin abin da ƙungiyar ta rasa.

Kuma ba a kansa aka fara ba. Troy Percival, wanda ya rufe wa Angels wasan ƙarshe na World Series a 2002, ya bar wasa saboda ciwon hannu, bai buga 2006 ba. St. Louis Cardinals suka ɗauke shi da araha a tsakiyar 2007, ya ba su matsakaicin maki 1.80 cikin wasa 34. Nan take Tampa Bay Rays suka ba shi shekara biyu a kan dala miliyan 8. Ya kare musu nasara sau 28 a 2008, amma rauni ya yi ta kai shi jinya, kafin tsakiyar 2009 kuma ya gama. Cardinals sun ci riba, Rays suka biya kuɗin ribar da wani ya ci. Eric Gagné kuwa, mai kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2003, ya gwada dawowa a 2017 yana da shekara 41, ya buga wa Kanada, ya ɗan taɓa wata gasa mai zaman kanta, abin bai yiwu ba, ya koma gida. Babu ƙungiyar MLB da ta yi asarar wani abin kirki.

Saboda haka idan gobe wani tsohon mai jifa ya kira ya ce hannunsa ya dawo, a kafa masa na'urar auna gudu, likita ya duba gwiwar hannu da kafaɗa, a tura shi ƙasa ya fuskanci masu duka na gaske. A duba ko zai iya jifa kwana biyu a jere, ko zai jure agogon daƙiƙa 15 tsakanin jifa da jifa da aka kawo a 2023, ko zai iya da dokar fuskantar aƙalla masu duka uku da ta fara aiki a 2020. In ya wuce, a ba shi shekara ɗaya da ƙarin kuɗi gwargwadon wasannin da ya buga. In ya haskaka a ƙungiyar da ba ta zuwa ko'ina, a yi musayarsa a watan Yuli ya je inda ake neman kofi, shi ma ya fi masa.

Mariners sun yi kashin farko na wannan daidai, kuma Bard ya sauƙaƙa musu sauran. Masu neman wanda za su zarga su koma Denver, su tambayi waɗanda suka sa hannu a takardar dala miliyan 19 a Yulin 2022.