Kama da Wane Ba Ta Wane

Akwai wani bawan Allah da ya buɗe ajin koyar da Turanci a WhatsApp, yana karɓar kuɗin yara duk wata, yana tura musu saƙon murya da daddare. Ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, shi ma in ya karanta zai gane kansa.

Makon nan ya ɗauko kalmar “charge”, wadda muka mayar caji, ya shaida wa ɗalibansa cewa asalinta Larabci ce, wai daga “kharaj” Turawa suka sato ta, wato harajin nan da muka sani. Hujjarsa ɗaya tak: ku faɗi caji, ku faɗi haraji, ai kun ji sun yi kama. Daga nan ya jero musu ma'anoninta barkatai ya ce su haddace, wai kalmar ba ta da kan gado, haka Turanci yake. Wani yaro mai gyaran waya ya tambaya cikin ladabi: “Malam, to cajin waya fa, wane haraji ne a ciki?” Kafin gari ya waye an cire shi daga ajin.

Wannan cirewar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaron nan da guminsa ya biya, kuma tambayarsa ita ce tambayar da ta dace. Tunda mai ajin ya ƙi amsa masa, ga amsar, kyauta.

Kalmar nan daga keken ɗaukar kaya ta fito. Mutanen Gol, wato tsofaffin mazauna ƙasar da ake kira Faransa a yau, suna da keken da dabbobi ke ja, suna ce masa “karros”. Rumawa suka ari sunan ya zama “carrus” a Latin. Yuliyas Kaisar da kansa ya yi amfani da kalmar a labarin yaƙinsa na shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya ba da labarin wata ƙabila daga yankin Suwizalan ta yau da ta sayi kekuna masu yawa don yin ƙaura da iyalanta. Lissafa da kanka, Malam wane: fiye da shekara 600 ke nan kafin Larabci ya bazu daga yankinsa ya isa Turai. Daga baya Latin ya ƙirƙiro aikatau daga sunan, “carricare”, ma'ana yi wa keke lodi. A bakin Faransawan da, ta koma “chargier”.

Wanda ya san aikinsa zai tsaya a nan ya nuna wa ɗalibai yadda “ka” ta zama “ca”, domin ba tsautsayi ba ne. Ƙa'ida ce a Faransancin tsakiyar ƙasar. “Cantare” ta Latin, rera waƙa, ta zama “chanter”. “Caballus”, doki, ya zama “cheval”. Haka “carricare” ta bi sahu. Mutanen Nomandi da ke arewa kuwa sun riƙe “ka” ɗinsu. Da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, sai Turanci ya kwashi kalmomi ta ƙofa biyu. Shi ya sa “carry” da “car” suke da “ka”, “charge” da “chariot” suke da “ca”, alhali uwarsu ɗaya. “Cargo” ta biyo ta Sifaniya. Har “caricature”, zanen barkwancin nan na jarida, daga Italiya ta zo da ma'anar cika lodi, saboda mai zane yakan jibga wa hanci ko kunne girman da ya wuce kima. Dangi ke nan guda, kowa da takardar haihuwarsa. Ina “kharaj” ta shigo a cikinsu?

A ƙarni na 13 kalmar ta shiga Turanci, kuma ma'anarta a lokacin kaya ce, nauyin da ake ɗorawa. In ka riƙe wannan, babu abin haddacewa, domin Bahaushe ma haka yake tunani. Muna cewa an ɗora masa nauyin gida. Shi ne “in charge”, mai ɗauke da alhaki. Muna cewa an ɗora masa laifi. Shi ne cajin da ake karantawa a kotu, kuma daga nan caji ofis ya samo suna. Muna cewa banki ya ɗora mana kuɗi. Shi ne cajin da kake gani a saƙon wata. Jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci in babu jakada, Faransawa suka sa masa “chargé d'affaires”, wanda aka ɗora wa al'amura, kuma da wannan sunan duniya ke kiransa har yau. Duk abu ɗaya ne ake juyawa: wani ya ɗora, wani ya ɗauka.

Saura tambayar mai gyaran waya, kuma ita ce ta fi daɗin amsawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana shirya bindigar toka ya ga yadda ake yi: ya tsayar da ita baki sama, ya zuba albarushi daidai awo, ya tura tsumma, ya danna da sanda, sannan ya bi da ƙarafa. Turawa sun kira wannan ɗurin “charge” tun ƙarni na 16, don lodi ne aka yi wa bindiga. A ƙarnin ne kuma kalmar ta ɗauki ma'anar afka wa abokan gaba a guje, irin sukuwar mahaya a fagen fama. To a 1745 da 1746 masana a Jamus da garin Leiden na Holan suka gano cewa ana iya tara lantarki a cikin kwalba a ajiye. Benjamin Franklin, a Filadelfiya ta Amurka, ya duƙufa kan waɗannan kwalabe, yana rubuta wa abokinsa Peter Collinson wasiƙu zuwa Landan tun daga 1747. A rubutunsa ɗura wa kwalba lantarki “charge” ne, juye shi kuma “discharge”. Da ya jera su da yawa ya haɗa, sai ya kira jerin “battery”, sunan da sojoji ke ba jerin igwa. Batirin da ke cikin wayarka daga nan ya gaji suna. Saboda haka, ɗan'uwa mai gyaran waya, in ka jona caja lodi kake yi wa batir, kuma tambayarka ta fi darasin da aka sayar maka.

Wani zai ce meye abin zafi, ai kalma ce kawai. Bai taɓa raka dattijuwa ofishin 'yan sanda ba. Na ga uwa an ce mata an yi cajin ɗanta, ta fara kwance bakin zani tana tambayar nawa ne, don a saninta caji kuɗi ne. Na ga wata kuma ta fashe da kuka don ta ɗauka hukunci aka yanke. Ko ɗaya ba haka ba ne. Tuhuma ce aka ɗora masa, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Haka “discharge”, sauke kaya. Asibiti in ya sallame ka, ita ce kalmar. Kotu in ta ce “discharged” kawai, an sauke maka tuhumar a yanzu, amma ana iya sake gurfanar da kai. Sai ta haɗa da “acquitted” ne aka wanke ka, kuma wannan sashen dai ya hana a sake yi maka shari'a kan laifin. Mutum na iya yanka rago a yi walima alhali maganar ba ta mutu ba. Irin wannan ne ɗalibi ke buƙata daga malamin Turanci. Wanda aka cusa wa cewa caji haraji ne, ranar da takardar kotu ta zo gidansu me zai fassara wa mahaifiyarsa?

Na san inda mutumin namu yake fakewa. Duk wanda ya ja da shi sai ya ce ba ya kishin Larabci, Turawa sun wanke masa kai. Wannan ƙazafi ne, kuma Allah na gani. Larabci ba ya buƙatar a yi masa ƙarya, bashin da yake bin Turanci na gaske ne kuma a rubuce yake. “Sugar” daga “sukkar”, “cotton” daga “ƙuɗn”, “algebra” daga “aljabr”, “magazine” daga “makhazin”, ɗakunan ajiya. In ma kalmar haraji yake nema, ga “tariff” nan, kuɗin fito, daga “ta'arif” ta Larabci ta biyo ta hannun 'yan kasuwar Italiya. Tana gabansa bai gan ta ba, domin ganinta sai an buɗe ƙamus, shi kuwa kunne kawai yake kasawa. Abin da zai ƙara ɗaure masa kai: inda Larabci ya gamu da dangin “carrus”, shi ne ya ara. “Carrozza” ta Italiya ta shiga bakin Larabawan arewacin Afirka, ta iso mana a matsayin karusa, keken doki.

Rashin sani ba laifi ba ne, kowa da inda iliminsa ya tsaya. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne a karɓi kuɗin marasa ƙarfi a sayar musu da shaci-faɗi, a lulluɓe shi da rigar addini don kada a tambaya, wanda ya tambaya kuma a kore shi. Cikin yaran nan akwai masu shirin jarrabawar WAEC, akwai masu neman aiki, akwai waɗanda su ne kaɗai masu karanta takarda a gidansu. Gobe su za su koyar da wasu abin da ka koya musu.

Malam wane, na san kana bibiyar shafin nan, don darasina na watan jiya na ji shi a saƙonka har da misalaina, ban ce komai ba. Wannan ma ka ɗauka, na yafe, ba sai ka ambaci sunana ba. Ka yi sabon saƙon murya a daren yau ka gyara maganar haraji, ka mayar da yaron nan cikin aji, ka kuma amsa masa tambayarsa a gaban 'yan'uwansa inda ka kunyata shi.