Alƙalan ƙwallon raga na sakandare, idonku na sama, ƙafafun yara na karyewa a ƙasa

Haba jama'a! Yaro ɗan shekara 15 ya yi tsalle ya tare ƙwallo a bakin raga, ya dira a kan ƙafar abokin hamayyarsa wadda ta tsallako layin tsakiya ɗungurungum, idon sawunsa ya murɗe, ya faɗi yana birgima, amma usur shiru. Alƙalin da ke kan dandamali idonsa ya bi ƙwallo. Na biyu, in ma an kawo shi, ya juya baya yana hira da mai rubuta maki. A kinkimi yaro a ajiye a gefe, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a ci gaba da wasa. Wane irin tsautsayi? Abin da doka ta hango, ta rubuta, ta kuma naɗa mutum musamman don ya tsare shi, in ya faru sunansa sakaci.

Dokar hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ba ta da wani lauje cikin naɗi a kan layin tsakiya. Faɗin layin santimita 5 ne. Ƙafar ɗan wasa na iya taɓa filin abokan hamayya, da sharaɗin wani ɓangare nata yana kan layin ko yana daidai samansa, kuma bai kawo wa na wancan gefen cikas ba. Ta tsallake gaba ɗaya? Laifi ne, a busa, maki ya tafi. Dokar makarantun sakandare ta Amurka, wadda hukumar NFHS ke fitarwa, ta ma fi tsanani: tafin ƙafa da tafin hannu kaɗai ta yi wa wannan sassaucin, in gwiwa ko wata gaɓa ta taɓa ƙasa a wancan gefen, laifi ne kai tsaye.

Alƙalai da yawa sun haddace rabin farko sun watsar da na biyu, wato maganar cikas. Ku auna da kanku: dunduniya na kan layi, sauran takalmin, santimita ashirin da wani abu, yana cikin filin wasu. A nan daidai mai tarewa zai sauka. Kuma tsarin wasan ne ya sa haka. Mai duka yana zuwa da gudu, tsallensa na gaba ne, in mai ɗaga masa ƙwallo ya manna ta da raga sai ya bi ta ya faɗo ƙarƙashin ragar. Mai tarewa kuwa yakan tashi bayansa kaɗan, don haka yakan sauka bayansa kaɗan, idonsa a sama, bai san an shimfiɗa masa ƙafa a ƙasa ba. Tafin ƙafarsa ya karkata ciki, jijiyoyin gefen waje na idon sawu su miƙe ko su yage. Targaɗen idon sawu shi ne raunin farat ɗaya da ya fi yawa a wannan wasa, mafi yawansa a bakin raga ake samu, kuma ƙafar da ta taɓa yi ita ta fi saurin maimaitawa, musamman a watannin farko. Ba yau aka gano wannan ba. Tun 1997 Roald Bahr da abokan aikinsa a Norway suka wallafa cewa koya wa 'yan wasa yadda ake tashi da sauka, haɗe da atisayen daidaita tsayuwa a kan ƙafa, ya rage irin wannan targaɗe da kusan rabi. Shekara nawa ke nan? Amma har gobe za ka ga koci yana yi wa yaro tafi don ya kai duka ya wuce ƙarƙashin raga kamar an jefo shi.

Wa doka ta ɗora wa tsaron wannan wuri? Alƙali na biyu. Shi ke tsaye a ƙasa kusa da sanda, yana fuskantar na farko. Tsallaka layin tsakiya nasa ne, taɓa raga nasa ne, tsayuwar masu karɓar sabis, wato bugun fara wasa, tasa ce, duba lafiyar daɓen fili, musamman gaban raga, nasa ne. Ƙwararre a wannan aiki yakan matsa gefen masu tarewa, ya kafa ido daga saman raga ya gangaro zuwa layi, ba ya ɗauke kai sai kowa ya dira ya juya. Ƙwallo ba ruwansa da ita a wannan daƙiƙar, akwai mai kallonta. Shi ya sa abin da masu shirya gasa ke yi na kawo alƙali ɗaya tal don a rage kashe kuɗi yake ƙona rai. Mutumin da ke can sama yana lura da hannun mai ɗaga ƙwallo, yana ƙirga taɓawa uku, yana duba ko ta shafi yatsun masu tarewa, da wane idon zai ga takalmi a ƙarƙashinsa? Ba a gudu ana susar takashi. Wani lokacin kuma sai a kamo ɗalibi daga cikin 'yan kallo a rataya masa usur, yaron da ko layin mita uku bai san amfaninsa ba, kuma ba zai taɓa iya busa wa 'yan makarantarsu laifi ba.

Taɓa raga ma an mayar da shi abin ciniki. Duk wanda ya taɓa raga tsakanin eriya biyu, wato siraran sandunan da ke maƙale a gefunan raga, yana cikin buga ƙwallo ya yi laifi, kuma bugun ya haɗa da tashi, da dukan, da sauka. Ka ƙyale na farko ka ce ai kaɗan ne, to ka ba su lasisi. Kafin a kai maki goma, yara sun fara afka wa raga da ƙirji.

Sai filin kansa, wanda ya kamata a ce an gama da shi kafin a jefa kwabo. Tsawo mita 18, faɗi mita 9, wannan kowa ya sani. Abin da ake take wa shi ne filin da ke kewaye: aƙalla mita 3 ta kowane gefe babu komai a ciki, sama kuma aƙalla mita 7 babu abin da ya tokare. Mita ukun nan wurin wasa ne, nan yaro ke bin ƙwallon da ta kauce, da gudu, fuskarsa a sama. Je ka duba abin da ke ciki: benci, jakunkuna, gorunan ruwa, teburin mai rubuta maki, 'yan kallo sun jeru har suna taka layi. Ana gani, ana busa sabis.

Sandunan raga doka ta ce a kafa su tsakanin rabin mita zuwa mita ɗaya daga layin gefe, su zama masu santsi marasa kaifi, kuma a kafa su ba tare da an ɗaure su da waya zuwa ƙasa ba. Me ake gani? Bututun ƙarfe da ƙugiya a waje daidai fuskar yaro, marikin ɗaure raga ya leƙo, waya ta miƙe daga kan sanda zuwa turke a ƙasa daidai wuya. A dokar NFHS dole a naɗe sanda da soso mai kaurin aƙalla inci ɗaya har tsayin ƙafa biyar da rabi, kusan mita 1.7 ke nan, a naɗe dandamalin alƙali ma, in kuma makarantar da ta karɓi baƙi ba ta yi ba, ba a buga wasan. Hukuncin ke nan, kuma daidai ne. Dandamalin ma da muke magana, sau nawa tebur ne aka ɗora wa kujera?

Daɓe mai kaushi ko mai santsi haramun ne a yi wasa a kai, haka aka rubuta. A filin waje an hana yin layi da abu mai tauri, don haka bulo da katako da ake binnewa a matsayin layi ba su da gurbi. A cikin zaure kuwa gumi ne abokin gaba. Libero, ɗan wasan baya mai riga ta daban da ya ƙware a ceto, ya yi nutso ya ceto ƙwallo, rigarsa ta bar jiƙa mai faɗin tabarma a ƙasa, daƙiƙa goma bayan nan wani zai taka wurin da gudun tashi. Tsumma biyu a gefen fili da yara biyu masu gogewa sun isa. Alƙalin da ya ga wurin na sheƙi ya busa sabis don yana sauri ya tashi, shi ya kayar da yaron.

Tsayin raga mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata, a auna a tsakiya, gefuna biyu su yi daidai da juna kuma kada su haura da fiye da santimita 2. Da sandar awo ake yi, miƙa hannu sama a ce "ya yi" ba awo ba ne. Ƙwallo kuma nauyinta giram 260 zuwa 280, iskarta 0.30 zuwa 0.325 na kilo a kan kowane murabba'in santimita. Ma'aunin iska ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, amma sai a yi ta bugun famfo har ƙwallo ta koma dutse, a danna da babban yatsa a ce lafiya lau. Yatsun masu tarewa da fuskar masu karɓa su za su faɗi gaskiya.

Zobe, agogo, sarƙa, ɗan kunne mai lilo: doka ta hana sanya duk abin da zai iya jawo rauni. Idon raga murabba'i ne na santimita 10, zobe ya maƙale a igiyarsa yaro na saukowa da dukkan nauyinsa, sai dai a nemi likitan tiyata. Duba hannuwa da wuyan 'yan wasa ba ya cin minti ɗaya.

Lokacin ɗumama jiki ma fili kan zama kasuwa. Minti 6 ne a raga in ƙungiyoyin sun riga sun samu wani filin sun motsa, minti 10 in ba su samu ba, kuma alƙalai su ke da iko da shi. Sai ka ga ƙwallaye goma na yawo, masu duka na tsallaka ƙarƙashin raga su ɗauko tasu ta inda wani ke shirin dira, alƙalai na can suna gaisawa. Haka in ƙwallon wani fili ta gangaro ana tsakiyar wasa: a busa nan take, a sake bugun. Ba a jira a ga wa zai ci makin.

In rauni ya auku, nan ne ake ganin wanda ya karanta littafin. Mummunan rauni ana cikin wasa, alƙali ya tsayar nan take, ya bar masu ba da agaji su shigo, a sake bugun daga baya. A fara neman canji na ƙa'ida. In babu, a yi canji na musamman: duk wanda ba ya cikin fili lokacin raunin zai iya shiga, ban da libero da wanda libero ya canza, kuma wanda aka fitar ta wannan hanya ya gama wannan wasan. In wannan ma babu, a ba shi minti 3 ya farfaɗo, sau ɗaya tak a wasa, in bai tashi ba a ayyana ƙungiyar ba ta cika ba. Babu inda aka ce koci ya kama ƙafa ya ja, ya murza, ya ɗaure igiyar takalmi tamau ya ce "tashi, kai namiji ne." Abin da ƙafar ke so ƙanƙara ce a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, bandeji, a ɗaga ta sama. Yaron da ya kasa taka ta taku huɗu, ko ƙashin idon sawun ke masa zafi in an danna, hoton ƙashi yake buƙata. Mai zubar jini kuma ya fita har a tsayar da jinin, a rufe ciwon, a goge ƙasa.

Buguwar kai ta fi duk waɗannan ban tsoro don ba ta kumbura a gani. Ƙwallo ta daki fuska, ko kai ya bugi daɓe, ko kawuna biyu su yi karo wajen ceto. Yaro ya tashi yana layi, yana jin jiri ko tashin zuciya, yana gani bibbiyu, ka tambaye shi maki nawa ne ya tsaya yana kallonka. Ba sai ya suma ba. Dokar NFHS ta ce a fitar da shi nan take, kada ya dawo sai ma'aikacin lafiya da ya cancanta ya sallame shi, kuma jihar Washington ta mayar da irin wannan dokar jiha tun 2009, sauran jihohin Amurka suka bi. Ƙwaƙwalwar ɗan sakandare ɗaya ce a ko'ina. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har a rasa rai. Amma sai a watsa masa ruwa a fuska, a nuna masa yatsu biyu, a tura shi ya karɓi sabis don ana 23 da 23.

Malam alƙali, in koci ya taso maka a kan wannan, katunan da ke aljihunka ba ado ba ne. Gargaɗin baki ta hannun kyaftin, sai katin ɗorawa, sai ja wanda ke ba abokan hamayya maki da sabis, sai ja da ɗorawa a hannu ɗaya ya bar zagayen, a rarrabe kuma ya bar wasan gaba ɗaya. Ku kuma shugabannin makarantu da masu shirya gasa, ku daina jera wa ƙungiya ɗaya wasa huɗu a yini babu hutu don a gama da wuri, gajiyayyar ƙafa ba ta iya sauka daidai. Ku kawo alƙalai biyu waɗanda ba malaman makarantun da ke karawa ba, ku faɗa tun farko da wace doka za a yi, ta FIVB mai canji 6 a zagaye ko ta NFHS mai 18, ku ajiye akwatin agaji da ƙanƙara da motar da za ta kai yaro asibiti. Alƙalin farko kuma ya iso da wuri da sandar awo da ma'aunin iska, ya zaga fili da ƙafarsa. In ya tarar da waya a jikin sanda ko benci a cikin mita uku, ya mayar da usur aljihu, ya rubuta dalili a takardar maki, ya zauna har a cire.