Jami'a mai sunan mutumin kirki, me ke cikin bolarta bayan biki?

A shekarar 2017 Jami'ar Yale da ke Amurka ta goge sunan John C. Calhoun daga ɗaya daga cikin kwalejojinta, saboda ya yi kaurin suna wajen kare bautar da bayi. Aka sa sunan Grace Hopper, masaniyar kwamfuta. A 2020 Jami'ar Princeton ta yi wa Woodrow Wilson haka, duk da ya taɓa shugabantar jami'ar da ma ƙasar baki ɗaya. Ko an yarda da waɗannan matakai ko ba a yarda ba, sun nuna cewa mutane na kallon sunan da ke ƙofar jami'a a matsayin shaidar irin halin da take son ɗalibanta su ɗauka.

Sai dai cire sunan mai laifi ba wuya, zama ɗaya na majalisar gudanarwa ya isa. Aiki yana wuyan jami'ar da ta yi dace da sunan mutumin kirki. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, malamin da ya caccaki sarakunan zamaninsa kan sharholiya da dukiyar talakawa. Irinta suna da yawa a duniya, masu sunayen malamai, waliyyai da shugabannin da aka sani da gudun duniya. Ni a ganina wannan suna bashi ne, kuma wuri mafi sauƙi da za a gane ko ana biyansa shi ne ɗakin girki, musamman lokacin azumi, Idi ko Kirsimeti.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada? Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kusan kashi 19 cikin ɗari na abin da ya isa hannun masu ci, kuma kashi 60 na wannan ɓarna daga gidaje ta fito, ba daga otal ko kanti ba. A daidai lokacin, mutum miliyan 783 na fama da yunwa. Ranakun ibada kuwa su ne ranakun da tukunya ta fi girma. Abin mamaki, aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta ce a ci a sha kada a yi almubazzaranci, kusan kowa ya haddace ta.

Ba mugunta ce ke jawo ɓarnar ba, kunya ce. Mai gida ya gwammace a zubar da rabin tukunya da a ce baƙo ya zo abinci ya ƙare. Wannan karamci ne, ba zan zarge shi ba. Amma wa'azi kaɗai bai taɓa raba mutum da irin wannan tsoro ba, sai an samar masa da inda zai kai ragowar cikin mutunci.

An taɓa gwadawa, kuma ta yi. Da can naman hadaya kan ruɓe a Mina saboda ya fi ƙarfin masu ci. A 1983 aka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aikin yankawa, sanyayawa da rarraba shi ga mabuƙata a ƙasashe da dama. Faransa ma a 2016 ta hana manyan kantuna zubar da abincin da bai lalace ba, ta tilasta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji. Duka biyun tsari ne suka kafa.

Wa ya fi jami'a kayan aikin kafa tsari? Tana da sashen kimiyyar abinci, da na noma, da na lissafi, ga masallaci ko coci a harabarta, ga dubban ɗalibai, cikinsu har da masu kwana da yunwa a ɗakunan kwanansu ba tare da kowa ya sani ba. Ta auna abin da ɗakunan cin abincinta ke zubarwa a makon biki, ta buga adadin kowa ya gani. Ta sa ɗalibai su ƙirga masu zuwa buɗa-baki kafin a ɗora tukunya. Firji ɗaya mai aiki da hasken rana kusa da wurin ibada, da wanda zai kula da tsaftar abin da aka kawo, bai kai kuɗin da ake kashewa wajen lacca ɗaya ta tunawa da mai sunan ba, laccar da galibi ake rufewa da liyafar manyan baƙi.